Bashin Matar Damana

Shekarar da gero ya ƙone a tsaye, zamanin soja, mu ashirin da ɗaya ne a asusun mata na unguwarmu a Sabon Gari. Duk cikinmu ba mai karatu, don haka ba mu da littafi. Kowace Laraba muna zama a da'ira, kowa da wurinta, kowace mace kuma ita ke riƙe bashin wadda ke damanta a ka. In an buɗe akwati, sai ki tashi ki faɗi abin da ake bin maƙwabciyarki.

A damana akwai wata 'yar Tsibiri, Kirista ce, mijinta ya mutu. Zogale take sarowa daga Jiratawa ta dafa ta sayar a bakin tasha. Mace ce mai taurin kai, ko ruwa ka ba ta sai ta tambayi kuɗinsa. Mun sha yin cacar baki, amma ina sonta ƙwarai.

Ta ɗauki bashin jikka uku da rani, sefa dubu uku ke nan. Kafin watan biya ya zo, zazzaɓi ya kwantar da ita, kwana shida ta cika. Abin da ta bari ɗiya ɗaya ce budurwa, da ƙannenta biyu, da jar akuya mai ba su nono. Dokarmu kuwa a fili take: in mace ta mutu da bashi, a kan abin da ta bari ake biya.

Ran Laraba shugabarmu ta dube ni ta ce, "Nawa ke kanta?"

Na ce, "Ta biya. Ni ta ba, na zuba makon jiya."

Ƙarya na yi, ido cikin ido. Mai ƙidayar kuɗi ta buɗe baki, na watsa mata harara ta rufe. Niyyata in riƙa cike gurbin da ribar ƙuli-ƙulina a hankali, akuyar ta tsira.

Laraba ta gaba muna zaune sai ga ɗiyar, ƙafafunta futu-futu daga Tsibiri, inda suka koma wurin dangi. Ta durƙusa, ta kwance bakin zanenta, ta ajiye jikka uku a tabarma.

Ta ce mini, "Inna, kafin mahaifiyata ta rasu ta ce in kawo miki, ke ke riƙe mata."

Na ce, "Ina kika samo?"

"Akuyar na sayar."

Kunya ta rufe ni, haushi ya fi kunyar yawa. Haushin marigayiyar nake ji, wallahi, ita da taurin kanta har cikin kabari.

A ranar aka cire ni daga riƙon bashi, kuma sun yi daidai. Shekara biyu na yi ina zuba kuɗina ba a tambayata komai. Yaran kuwa kunun kanwa suka sha har damina, babu nono.