Ranar da Baba Isiyaku Ya Baro Layinsa

Ina kasuwar Kankia ina cinikin iri, Lawal ɗan Baba Isiyaku ya kira ni: "Baba ya cika da hantsin nan." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a kan buhun wani mai gero, hawaye suka zubo mini a bainar jama'a.

Ni ba a garinsu aka haife ni ba. Rashin zaman lafiya ne ya koro mu daga yamma, muka sauka a wani ƙauye kusa da Kunduru, Baba Isiyaku ya ba mu kangon ƙanensa. Daminar da ta biyo baya ruwa ya yi gyara, ɗakuna suka zube, rumbuna suka jiƙe. Shi ya bi gida-gida yana kiran gayya, ya ce a fara da ɗakunan tsofaffi da masu marayu, nasa ya zo ƙarshe. Mu baƙi muka shiga kwaɓa ƙasa tare da kowa. Yakan ce, "Ruwa bai tambayi sunan uban kowa ba."

Bayan kaka aka tashi zaɓen shugaban ƙungiyar gayya, irin wanda kowa zai bi layi bayan gwaninsa. Alhaji Mamman, aminin Baba tun ƙuruciya, ya ce sai wanda aka binne cibiyarsa a garin zai shiga layi. Ba mugu ba ne. Tsoronsa kada mu zaɓa yau, gobe mu koma gida mu bar su da zaɓinmu. Dattawa suka goyi bayansa. Muka ja gefe ƙarƙashin dalbejiya, 'ya'yana suna kallo. Ban taɓa jin ni bare ne ba kamar ranar.

Baba yana cikin masu takara, kuma layinsa ya fi tsawo. Sai ya baro mutanensa, ya zo ya tsaya a cikinmu. Ya ce, "Mamman, wa ya taka ƙasar ɗakin da kake kwana? Ƙafar da ta taka maka ƙasa ita ce ba ta isa ta taka layi ba? To, mi nake yi can?" Dokar ba ta sauya ba, shugabanci ya wuce shi, Alhaji Mamman ya daɗe ba ya amsa gaisuwarsa. Ko sau ɗaya Baba bai goranta mana ba.

Da na iso daga kasuwa na tarar ana shirin haƙar kabari. Na tsaya daga baya kamar yadda na saba. Alhaji Mamman ya ratso mutane, idanu jawur, ya miƙo mini diga. Ya ce, "Amshi, ɗan gari. Ubanka ne."

Allah ya jiƙan Baba Isiyaku, ya yalwata makwancinsa, ya tsayar da shi a sahun bayinsa nagari. Allah ya ba matarsa Inna Hajara da Lawal da mu duka haƙurin rashinsa. Amin.