Bawul a Ƙarƙashin Turmin Mama Doose

Har gobe ban manta da ranar da muka ba unguwa guda ruwa alhali masu unguwar duk suna gona ba. Lokacin ina mai gyaran bututu a ofishin ruwa na garin Lafia, helmanmu kuwa, wato shugaban masu gyara, shi ne Malam Kyari. Ni Bafillace, shi Babarbare, kun san wasan da ke tsakaninmu, sai dai a bakin aiki nakan riƙe harshena saboda tuwon yara.

A shekarar damina ta yi latti ƙwarai. Rafin da muke jan ruwa ya koma yashi, injin sai taɓo yake tsotsa. Dole muka koma rabo, yau wannan unguwa gobe waccan, sabbin unguwannin hanyar Kwandere kuwa sun daɗe ba su ga ɗigo ba. Sai ruwan sama ya sauko gaba ɗaya kamar mai biyan haushi. Da safe rafi ya kawo, aka kuma kawo wuta, muka samu tankin sama ya cika. Daga ofis aka ce a fara ba hanyar Kwandere.

Muka buɗe, muka hau babur don mu je mu sha godiya. Malam Kyari har da farin kaftani. Muna shiga unguwar muka tarar da ruwa yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofofi yana bin kwata, gidaje kuwa duk da kwaɗo. Ashe kowa ya kwashi iyalinsa da irin shuka ya yi gona tun asuba. Mutanen Lafia kuma suna da al'ada: famfo a buɗe ake barinsa da roba a ƙasa, don in iska ta fara huci a bututu a san ruwa na tafe. In tankin nan ya tsiyaye, Allah kaɗai ya san ranar da zai sake cika, ga mutane za su dawo da yamma a gajiye.

Ba a iya rufewa daga tanki, layin ɗaya ne da na asibiti. Kowace unguwa tana da nata bawul, wato abin rufe ruwa, a cikin rami mai murfin ƙarfe. Malam Kyari ya ce, "Kwantar da hankalinka, ni na dasa shi da hannuna, a gindin mangwaro yake." Muka je, babu mangwaro babu dalilinsa, sai jerin shaguna. Na ce, "Ranka ya daɗe, ko mangwaron ma ya tafi gona?" Ya harare ni.

Da ƙyar muka gano murfin a cikin rumfar wata mai sayar da sakwara, 'yar Tibi, ana ce mata Mama Doose. Turminta ta ɗora a kai, wai nan ne kaɗai ƙasa ba ta motsi in tana daka. Tana tsaye a bakin famfonta tana tara ruwa.

Helma ya yi mata bayani a tsanake. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Oga, yau ruwa ya zo, yau kai ka zo kashe shi? Abeg, turmi ba zai tashi ba sai duro na ya cika."

Duro uku ne, can bayan rumfa, ita kaɗai ke jigila da bokiti. Malam Kyari, mutumin da ko sifana miƙa masa ake yi, ya dubi ruwan da ke malala a titi, ya naɗe hannun kaftani ya ɗauki bokiti. Ni ma na ɗauka, amma gaskiya rabin ƙarfina a dariya ya tafi. Tana ta ba shi umarni: "Oga, kana zubarwa." Yana cewa, "To, Mama."

Da suka cika muka mirgine turmi, na zura dogon makulli na murɗa, ruwa ya tsaya. Abin da ya rage a tanki ya ishi unguwar lokacin da muka sake buɗewa bayan la'asar, ko da yake na can ƙarshen layi ba su samu ba, kuma wannan ya dame ni.

Kafin mu tafi helma ya so ya rama. Yana matse kaftani ya ce, "Ku ma da laifinku. Ina dalilin barin famfo a buɗe?"

Ta ce, "Faɗa mana ranar da ruwa zai zo, mu rufe. Ka sani?"

Bai sani ba. Ni ma ban sani ba, manyanmu na ofis ma sama suke kallo kamar kowa.

To ku sabbin shiga aikin ruwa da nake ba wannan labari, garin nan ya fi taswirar da ke kanmu girma, damina kuma ta daina zuwa da alƙawari. In kun ga famfo a buɗe babu kowa, ku rufe, amma kada ku zagi mai gidan. Mu yake jira.