Gonar Tasu Ce, Ɗorawar Tamu Ce

Ranar wata Laraba, shekarar da na shiga aji huɗu, muka yi sammako ni da kakata Iya daga gidanmu a Fammar, ina ɗauke da kwando, tana jan doguwar gorarta mai ƙugiya, za mu kaɗo ɗorawa. Muna isa muka tarar an kewaye gonar da waya mai ƙaya, ga wani maigadi da ba mu taɓa gani ba zaune a gindin bishiyarmu, baki duk garin ɗorawarmu. Ko gaisuwar Iya bai amsa ba, ya ce mu juya, an sayar.

Gonar dama ba tamu ba ce, ta maƙwabcinmu Malam Sule ce. Amma bishiyar ta Iya ce, gadon ubanta, don ranar da uban ya sayar masa da ƙasar a gaban dattawa ya toge ɗorawar. Malam Sule ya noma dawarsa, mu mu kaɗe 'ya'yanmu, Fulani su shigo da shanu bayan girbi su bar masa taki, ba wanda ya taɓa jin kanmu. Kada wani ya ce ba mu san neman kuɗi ba! Iya 'yar kasuwa ce ta gani-kasheni. Mu sha garin, ta dafa kalwar kwana da yini, mu surfa, mu wanke har hannu ya yi kanta, ta rufe ta ruɓa, ta kai daddawa kasuwar Kibiya, ba ta ragin ko sisi. Sai dai cinikin yana da linzami. Ba mai taɓa ɗorawa sai mai unguwa ya sa an yi shela ta nuna, mai tauye mudu kuma sarkin kasuwa ya kunyata shi a gaban jama'a.

Da Malam Sule ya rasu, 'ya'yansa suka sayar wa wani Alhaji na birni. Iya ta je wurin mai unguwa da tsofaffi uku masu shaida. Wakilin Alhajin ya zaro takarda mai hatimi ya ce, "Hajiya, ina sunanki a nan?" Iya ta ce, "Ɗan nan, bishiyar ta girmi takardarka." Aka yi dariya, aka ba ta haƙuri. Haƙuri! Kafin sati ya zagayo muka jiyo kukan injin yankan itace daga tsakar gida. Iya na tankaɗe, ta ajiye rariyar. Bishiyar da ta aurar da 'ya'ya biyar aka loda ta a mota buhu-buhun gawayi. Wallahi har gobe in na tuna raina ɓaci yake yi.

Ɗana da ya yi karatu yana ce mini akwai ƙasashen da kasuwa ke ci fiye da tamu, amma ko a filinka ba ka sare bishiya sai hukuma ta yarda. Na ce masa mu ma mun taɓa samun haka, ba takarda, sai kunya da idon jama'a. Aka tsinke wancan linzamin, ba a sa wani ba, mai kuɗi ya zama shi ne doka.

Bara na bi ta wurin. Wayar ta yi tsatsa, ciyawa ta cinye kututturen, Alhajin bai shuka ko ƙwayar dawa ba, jira yake fili ya yi tsada. Gorar Iya tana nan jingine a bayan ɗakina, ba abin da za ta kaɗo.