Ɗaya Bakin Igiyar Baba Nawaye

Shekara da shekaru, kafin tela ya gama kaɗe ƙurar kekensa da safe, sai ya ji ƙofar shagon tsallaken titi ta yi ƙiiii, kamar ana buɗe ta dole. Ba sai ya ɗaga kai ba, ya san Baba Nawaye mai kayan wasan yara ne ya iso. Tsohon zai fara fito da benci, ya yayyafa ruwa ya share bakin shago, sannan ya rataye ragar ƙwallaye a ƙusa. Igiyoyin tsalle su sha gefe guda, motocin katako da na roba a ƙasa inda idon yaro zai kai. 'Yan tsana kuwa sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya goge musu fuska da gefen rigarsa. Kowace ƙwallo sai ya latsa ta, ya buga ta da ƙasa ya kasa kunne, wai lafiyarta yake ji. In ya gama sai ya ɗaga murya.

"Tela, yau ma gobe-gobe za ka yi ta ce wa bayin Allah?"

"Baba, ai gara ni," in ji tela. "Kai da ke sayar wa mutane iska a cikin roba!"

Yanzu ƙofar nan a rufe take. Watannin baya ɓarin jikin Baba na dama ya shanye, yana tsaka da hura wa wani yaro ƙwallo. Likita ya faɗa wa matarsa, wadda duk layin ke kira Inna, cewa in bai riƙa motsa hannun ba zai sandare gaba ɗaya, kuma sauran jikin zai bi. Shi kuwa tun da aka dawo da shi gida ya juya wa bango fuska, ya ƙi motsi, ya ƙi fitowa ko tsakar gida. Shi ya sa nake son a san wane ne wannan mutum tun yana raye, tun kunnensa na ji.

Sunan nan yara ne suka laƙa masa. Duk wanda ya zo ya nuna abu ya ce a ba shi, kafin a yi maganar komai Baba zai ce, "Na waye?" Daga nan fa ka shiga uku da tambaya. Shekarunsa nawa? Har yanzu yana kai abu baki? Yana da ƙanne masu rarrafe? Akwai fili a gidanku ko ɗaki ɗaya ne? Sai ya rufe da wadda ta fi ba iyaye haushi: "To, wa zai yi wasan da shi?"

Mutum ya zo da ɗokinsa zai sayi mota mai batir, sai Baba ya kunna ta ya ajiye a ƙasa, su biyu su tsaya suna kallonta tana zagaye. "Ka gani?" zai ce. "Ita ke wasan, ni da kai mun zama 'yan kallo. Haka yaronka zai zauna." Sai ya miƙo wata mai igiya wadda sai an ja ta da gudu, ko ƙwallo, ko 'yar raga da za a kafa a bakin ƙofa. In ka nace zai sayar maka da abin da kake so, amma da fuska kamar an yi masa mutuwa. Ƙwallon da ta sace ya hura kyauta. 'Yar tsanar da hannunta ya yage ya tsallaka titi da ita ya dire wa tela a kan keke, ya ce, "Majinyaciya ce, uwarta na can tana kuka, a yi sauri."

Wani abin da ba kowa ke faɗa a gabansa ba shi ne Allah bai ba Baba haihuwa ba. Gidansa shiru yake, daga shi sai Inna. Tela na nan ranar da wata mata ta nemi abin wasa mai ƙananan duwatsu don ɗanta na goye, Baba ya ce a'a, zai haɗiya. Matar ta harzuƙa ta ce, "Kai da ba ka taɓa haihuwa ba, me ka sani game da yaro?" Baba ya mayar da abin wasan wurinsa. Da ta tafi, tela ya hango shi ya koma kan 'yan tsanan nan yana sake goge musu fuska, alhali da safe ya goge su. Wallahi har yau in tela ya tuna sai ransa ya ɓaci.

Sai kuma mutuwa ta shiga gidan tela. Matarsa ta yi 'yar gajeriyar jinya ta rasu, ta bar masa 'ya ɗaya da ba ta daɗe da shiga firamare ba. Yarinyar nan da ma ba ta zama wuri ɗaya, tsalle-tsalle da surutu kamar rediyo. Bayan rasuwar ta yi ɗif. Ta daina magana, ta daina fita, abinci sai an yi da gaske. Wuni take yi a bayan ƙofa rungume da gyalen uwarta. Tela ya sayo mata 'yar tsana mai magana a wani babban kanti, ko kallonta ba ta yi ba. Ya ba ta wayarsa, ta ajiye a gefe.

Yayar tela, gwaggon yarinyar, ta zo daga garin da take aure ta ga halin da ake ciki. Ba ta ɓoye masa ba.

"Ka ga, ƙanena, yarinyar nan ƙarewa take yi a hannunka. In aka yi hutun makaranta ban ga canji ba, zan zo in tafi da ita cikin 'ya'yana."

"Yaya, ita kaɗai ta rage mini."

"Na sani. Amma gara ka yi kewarta tana raye."

Tela ya san gaskiya ta faɗa. Washegari ya tsallaka titi, ya tsaya a gaban shagon Baba kamar baƙo, ya ce a ba shi duk abin da ya fi kyau. Ranar Baba bai ce na waye ba. Ya jawo shi ya zaunar a benci.

"A da, wane wasa ta fi so?"

"Tsallen igiya. Mamanta ke ɗaura baki ɗaya a ƙarfen taga, ta riƙe ɗayan tana juya mata."

"Kai fa?"

Tela ya sunkuyar da kai. "Ni ina shago, Baba. Ban taɓa ba."

Tsohon ya tashi ya wuce gajerun igiyoyi na mutum ɗaya, ya sauko da wata doguwa mai kauri. "Wannan sai mutum biyu sun juya ta," ya ce. "Kuma kada ka ɗaura ta a ƙarfe. Ƙarfe ba ya kiran sunan yaro."

"To, wa zai riƙe mini ɗaya bakin?"

"Au, ni me nake yi da yamma? Inna ta gaji da ganina."

Haka aka fara. Kullum da yamma Baba ya rufe shago da wuri, ya bi tela gida, su tsaya a ƙofar gida suna juya igiya babu kowa a ciki. Jama'a, manyan mutane biyu, ɗaya da furfura, suna bugun ƙasa da igiya! Masu wucewa na ƙunshe dariya, wata maƙwabciya har ta leƙo ta tambaya ko lafiya. Baba bai damu ba. Yana juyawa yana kira, "Ƙawata, ga igiya ta gaji da jira." Yarinyar na bayan ƙofa, ido ɗaya kawai ake gani. Yaran layi suka gano, suka riƙa zuwa suna shiga suna fita, ita dai shiru. Hutu na matsowa, tela ya fara karaya. Ya ce, "Baba, mu haƙura, ina ɓata maka ciniki a banza." Baba ya ce, "Riƙe bakinka na igiya, ka bar mini nawa."

Wata yamma da yaran layi ba su zo ba, sai ga ta ta fito da gyalen a hannu. Ta tsaya a tsakiyarsu ba ta kalli kowa ba. Suka juya, igiya ta zo ta harɗe mata ƙafa. Fuskarta ta yamutse, ta juya za ta koma ciki. Nan take Baba ya dafe kai.

"Kash! Laifina ne, ƙawata. Hannun tsoho ne ya yi nauyi. Yi haƙuri, a sake."

Ta tsaya. Ta kalli ubanta, ta buɗe baki a karon farko tun ranar rasuwar.

"Abba, Mama ba haka take yi ba. A hankali take yi."

Tela ya ce to, Mamana, a hankali. Yana juyawa hawaye na sauka a kan rigarsa, bai ko share ba don kada igiyar ta tsaya. Duk lokacin da ta harɗe, Baba ya ce laifinsa ne. Da gwaggo ta zo da jakar da za ta zuba kayan yarinyar, ta tarar da ita a tsakiyar igiya tana ihu a ƙara sauri. Ta daɗe a tsaye tana kallo. Ta kwana biyu ta koma da jakarta babu komai a ciki.

Kai ne, Baba, ka bar wa uba 'yarsa. Kai ne ka koya wa mutumin da ya san awon kowa a layin yadda ake juya wa yarinya igiya. Mai shago na yara, wanda aka yi wa gorin haihuwa ya haɗiye, ya tashi ya je ya raya 'yar wani.

Yau yarinyar nan tana sakandare, ta kusa kamo ubanta a tsawo. Da ciwon Baba ya same shi, tela ya yi ta zarya, amma ko juyowa tsohon ba ya yi. Rannan Inna ta rako tela har ƙofa, ta rage murya.

"Ɗana, na yi lallashin, na yi faɗan. Cewa ya yi shago ya tafi, shi kuma bai haifa ba, don wa zai tashi?"

Tela ya koma gida, ya faɗa wa 'yarsa abin da Inna ta ce. Yarinyar ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta jawo akwatin uwarta, ta fito da doguwar igiyar nan, duk ta koɗe, bakinta ya tsefe.

Da yamma suka je. Tela da Inna suka ciccibi Baba suka zaunar a kujera a tsakar gida, yana ta ƙunƙuni da karkataccen bakinsa. Yarinyar ta durƙusa, ta kama hannunsa na dama mai ciwon, ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta sa bakin igiyar a ciki ta naɗe masa a wuyan hannu. Ya kalli igiyar, ya kalle ta, da ƙyar maganar ta fito.

"Ta waye?"

"Tawa ce, Baba. Kuma kai ka ce ba a ɗaura ta a ƙarfe."

Tela ya ja ɗaya bakin ya tsaya. Baba ya cije, jijiyar wuyansa ta tashi, kafaɗar ta ɗan motsa. Igiyar ta ɗaga ko gwiwa ba ta kai ba, ta faɗo a ƙafar yarinyar. Kowa ya ga abin da ya faru, shi ma ya gani. Ya fara juya fuska gefe. Sai ta dafe kai.

"Kash! Laifina ne, Baba. Ƙafata ce ta yi nauyi. Yi haƙuri, a sake."

Inna ta toshe baki da mayafi ta shige ɗaki. Baba ya yi kuka irin wanda tela bai taɓa ganin babba ya yi ba. Da ya lafa, ya dubi tela ya ce, "A hankali."

Ba zan yi muku ƙarya ba, hannun bai dawo ba, likita ma bai yi alkawari ba. Shagon ba zai sake buɗewa ba, an riga an kwashe kayan, ƙusar ragar ƙwallaye kawai ta rage a bango. Tela har yau yakan ɗaga kai da safe yana jiran ƙarar ƙofar. Amma kullum da yamma ana fito da kujera tsakar gida, kuma Baba da kansa yake tambayar Inna ko ƙawarsa ta taso daga makaranta.

Mun gode, Baba Nawaye. Allah ya saka maka da alheri a kan kowace ƙwallo da ka hura, da kowane ciniki da ka bari ya wuce don kada yaro ya cutu. Allah ya ba ka sauƙi, ya ba Inna ladan jinya.

Ku kuma iyaye, in kun tsaya gaban mai kayan wasa, ku yi wa kanku tambayar tsohon nan: wa zai yi wasan da shi? Ku zaɓi abin da zai tayar da yaro tsaye, ku ma ku tashi tare da shi. Ku da kuka girma da ƙwallayen Baba, gidan ba ɓoyayye ba ne, ku kai masa 'ya'yanku. Igiyar tana nan a naɗe a hannun kujerarsa, har yanzu ba ta wuce gwiwa, kuma har yanzu sai an sami wanda zai riƙe ɗaya bakin.