Yadda Na Yi Sata da Layin Mma Azara

Ni haifaffen Salaga ne. Mahaifina doya yake sayarwa, mutum ne da bai taɓa ɗaukar ko tsinken wani ba. Da boko ya gagare ni sai ya tura ni Yendi koyon gyaran waya, hannuna kuma ya faɗa da wuri. Ku matasa, ku ba ni aron kunnuwanku, domin abin da ya kai ni kurkuku yana cikin wayoyin da yawa daga cikinku.

A wajenmu tsofaffi ba sa ɓoye wa mai gyara komai. Mace za ta miƙo maka waya a buɗe, ta faɗi lambar sirrinta da ƙarfi, ta ce ka zuba mata karatun Alƙur'ani, ta koma rumfarta. Amana ce tsagwaronta, ni kuwa na mayar da ita jari.

Da ƙwallo abin ya fara. Wani abokin aiki ya nuna mini manhajar VPN ta kyauta don in riƙa kallon wasannin da aka toshe. Da na tona cikinta sai na gane masu amfani da ita ne ke ara wa juna layi: abin da ka aikata ya fita ta wayar wani, na wani ya fita ta taka. Mai hankali in ya ji haka goge ta zai yi. Ni murna na yi.

Na koma Bawku na kafa rumfa kusa da 'yan albasa. Duk wayar da aka kawo gyara sai in dasa manhajar, in ɓoye ta. Daga nan na shiga tallan shanun da ba ni da ko ƙahonsu a intanet, da hotunan garken mutane. Masu saye daga kudu suna turo kuɗi, ni kuma ina fakewa da layin kwastomomina.

Layin da na fi hawa shi ne na Mma Azara, wata dattijuwa mai sayar da albasa, saboda 'yarta da ke aiki a ƙasar waje ba ta barin datarta ta yanke. Wata rana ta zo ta ce, "Ɗana, wayan nan yana cin data kamar akuya, ga shi da zafi. Duba mini."

Na jujjuya wayar na ce, "Mma, netiwok ne kawai." Ta yi godiya, har da ba ni albasa.

Da waɗanda na damfara suka kai ƙara, ranar kasuwa 'yan sanda suka biyo sawun layin, suka ɗauke Mma Azara a gaban jama'a. Ina jin labari na haɗa jaka, na shiga motar Pusiga zan tsallaka Togo. Muna jiran ta cika sai na ji direba yana ba da labari, wai an tambaye ta wa ke taɓa wayarta, ta ce, "Mai gyara ne kaɗai, amma kar ku dame shi, mutumin kirki ne." Kunya ta rufe ni, na ji na tsani kaina. Na sauko daga motar na kai kaina ofishin 'yan sanda.

Shekara uku na yi a ɗaure. Mahaifina bai leƙo ni ko sau ɗaya ba, kuma ban ga laifinsa ba. Da na fito na je na durƙusa gaban Mma Azara. Ta ce ta yafe, amma ta bar kasuwa, domin tun ranar kamun ake nuna ta da baki.

Na tuba, kuma ba tuban baki ba. Yanzu rumfa-rumfa nake bi ina cire wa mutane manhajar nan, wanda ya zage ni in haɗiye, gobe in dawo. Ba zan daina ba sai na ga bayanta a kasuwar nan.

Ku kuma, duk manhajar da ta ce za ta ɓoye ku kyauta, ku tambaya da layin wa za ta ɓoye ku, wa kuma za ta ɓoye da naku. Ku tsaya a kan mai gyara har ya gama. Ku duba wayoyin iyayenku yau. Mma Azara ba ta taɓa jin kalmar VPN ba sai ranar da aka sa mata ankwa.