Ginshiƙin Gwaggo

A Bompai, bayan manyan sito-siton da tireloli ke jere a gabansu, akwai wani gida da bai yi kama da na kowa ba. Turawan wani kamfanin gyaɗa ne suka gina shi. Ƙashinsa duk katako ne, baƙi wuluk, an gicciya shi a jikin farin bango, ba a ɓoye ko ɗaya ba. Mijin Gwaggo, ƙanwar babana, direbansu ne, da suka tafi aka bar shi a ciki. A nan ta raine ni.

In rana ta take, katakon yakan riƙa ƙas-ƙas kamar mai miƙa. Ni kuwa ina kwance a baranda, ina bin ginshiƙan da ido har su koma itatuwa, rufin ya zama inuwar daji, ƙugin injinan maƙwabta ya yi nisa. Babu ƙusa a mahaɗarsu, turakun itace aka cusa. Ina son gidan nan, har yau yana zuwa mini a mafarki.

Da idon Gwaggo ya tafi, ba ta nemi sanda ba. Ginshiƙin tsakiyar falo ne ɗan jagoranta. In ta dafa shi ta san alƙibla, ta san ƙofa, ta miƙa hannu ta sauke ƙwaryar furarta daga ragayar da ke rataye a jikinsa. Inda take dafawa ya yi sumul kamar tsohuwar taɓarya.

Sai hukuma ta zo ta kafa allo a ƙofa: gidan tarihi ne, ba mai rushe shi, ba mai buga masa ƙusa. Na yi murna wallahi, kafin in ji cewa ba mai kwana a cikinsa kuma.

Na kai Gwaggo gidana a Panshekara, kusa da masaƙar Challawa inda nake aiki. Ga tayil, ga silin roba, ga fanka, ina ta ji da kaina. Ita kuwa ta zauna bakin gado ta daina tashi, furar ma sai an yi da gaske. Rannan na dawo aiki na tarar da ita tsaye a tsakiyar falo, hannu a miƙe, tana laluben iska.

"Ke 'yar nan, ina gabas a gidan naki?"

"Ga shi nan damanku, Gwaggo."

"Wannan ai fili ne, ba ɗaki ba," ta ce.

Na tsorata ƙwarai, don na ga tana shirin barin mu. Na kira kafinta, na ce ina so ya kafa mata ginshiƙi. Dariya ya yi: "Hajiya, gungume a tsakiyar falo? Me zai ɗauka?" Na ce ya kafa kawai, ya rataya ragaya.

Gwaggo ta shafa shi sama da ƙasa, ta shinshina. "Ɗanye ne, ga kaushi," in ji ta. Ta sa na ɗebo mata man kaɗe, ta yi ta murza masa daidai tsayin kafaɗarta. Sannan ta dafa shi, ta juya, ba ta tambayi kowa ba, ta ta da salla.