Minti Shida na Baba Simeon

Shekara ashirin da shida Baba Simeon ya yi yana aikin masinja, kuma bai taɓa mallakar keke ba. Daga Lau ya zo Jalingo yana saurayi, ya zauna a Mayo Gwoi, ya ci gaba da kai fayil daga ofis zuwa ofis da ƙafa. Da aka ƙirƙiro jihar Taraba ofisoshi suka yawaita, tafiyar ta ninku, shi kuwa ko a jikinsa. Abu ɗaya aka san shi da shi, gaisuwa. Sai ya tambayi mutum gida da gona da awaki kafin ya sake shi.

A damunar 1994 ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya fara gagararsa in ya kwanta. Matarsa Jemima ta kai shi asibiti, aka ce zuciyarsa ce ta gaji. Bayan sati biyu kumburin ya sauka, likita ya ce kafin ya rubuta wa ofis takarda sai an auna ƙarfinsa. Zai yi tafiyar minti shida a baranda, inda aka ja layuka da alli, mita goma tsakanin layi da layi. In ya kai mita ɗari uku zai koma aiki, in bai kai ba sai ritaya. Maganar ritayar nan ta tsorata shi ƙwarai.

Nas ɗin ɗakin, Sista Lydia, ita ke riƙe agogo. Ranar farko barandar cike take da 'yan dubiya. Da ƙirjinsa ya ɗaure, sai ya tsaya ya dafa ginshiƙi ya shiga gaida wata tsohuwa. Lydia, 'yar mutunci, ta ga bai dace a ƙirga wa dattijo lokacin gaisuwa ba, ta tsayar da agogon. Sau biyar ya yi haka, ya wuce ɗari uku har da ƙari. Ya san abin da ya yi, kuma ya ji kunya, amma bai faɗa ba.

Likita ya saurari ƙirjinsa, ya dubi lambar, ya ce a sake. Washegari Lydia ta zo da shi tun kafin a buɗe wa 'yan dubiya ƙofa. Ta gaya masa a hankali cewa yau agogo ba zai tsaya ba, ko da ya huta.

Ya tafi, ya dawo, ya sake tafiya. A layi na sha huɗu ƙafafun suka ƙi. Ya waiga hagu da dama, babu kowa sai benci. Ya jingina da bango yana haki, har lokacin ya cika.

“Nawa, 'yata?”

“Ɗari da arba'in, Baba.”

Shi ya fi kowa sanin nisan kowace hanya a garin nan, ba ya bukatar a yi masa bayani.

“Daga get zuwa teburin darakta ya fi haka,” in ji shi. “Rubuta yadda yake.”

Lydia ta rubuta, idonta ya kawo ruwa. Da Jemima ta iso da kunu, ya ce mata kakin aikinsa da ta goge ta ajiye, ta ninke shi ta mayar wa ofis, kada ta jira a aiko.